Sabuwar dokar kare namun daji: wa za ta kama, kuma me ta bar wa manomi?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni mutumin ƙaramar hukumar Alkaleri ne a jihar Bauchi, gonarmu ba ta da nisa da dajin Yankari. Na ji a rediyo wai majalisar tarayya ta amince da sabuwar dokar kare namun daji, har da ɗaurin shekara goma. To ashe da can ba mu da doka ne? Mahaifina maharbi ne tun yana saurayi, yanzu ke nan in ya harbo zomo ko gada sai a ɗaure shi? Mu kuma da giwa ke shigar mana gona ta cinye dawa, akwai abin da aka tanadar mana? Gaskiya ni ina ganin an fi damuwa da dabba a kan ɗan Adam."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Tambayarka uku ce a ƙunshe wuri ɗaya: me ya sa ake sake doka alhali akwai ta da, wa sabuwar za ta hau kansa, sannan ina matsayin manomin da dabba ta yi wa ɓarna. Akwai kuma ta huɗu wadda ka rufe da ita, wadda ba tambaya ba ce, ƙorafi ne, kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai, don na sha jin sa daga bakin mutanen da nake ganin girmansu.

Kafin in shiga, ka san da wa kake magana. Na yi shekaru sama da ashirin ina aikin gandun daji a Arewa, na yi sintiri, na kwana a daji, na tsaya shaida a kotu, daga baya na koma horar da ma'aikata. Ni ba lauya ba ne. Abin da zan gaya maka game da doka, fahimtar wanda ya yi aiki da ita ne a fili, don haka in magana ta kai ga kotu, lauya za ka nema ba ni ba.

Doka akwai ta, tun kafin a haife mu

Tun 1916 Turawan mulkin mallaka suka kafa dokar kiyaye namun daji a Najeriya. Bayan samun 'yancin kai, gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata a 1963, kuma da aka rarraba Arewa zuwa jihohi, kowace jiha ta gaji wannan doka, wasu suka ɗan taɓa ta, wasu suka bar ta yadda suka same ta. Ita ce dokar da ta raba dabbobi kashi-kashi: waɗanda ba a taɓa su sam, da waɗanda sai da lasin, da sauran. Malamin daji da kakanninmu suka sani, da ita yake aiki.

Ta tarayya kuwa daga waje asalinta ya zo. A 1973 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a birnin Washinton kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, wadda ake kira CITES, ta fara aiki a 1975, kuma Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka shige ta. Amma yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta zama abin da alƙali zai yi hukunci da shi a nan sai an mai da ita dokar gida. Wannan ya sa gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta fitar da doka mai lamba 11 a 1985. Sunanta ma ya nuna inda ta dosa: sa ido kan fataucin dabbobi masu fuskantar ƙarewa tsakanin ƙasashe. Idonta yana kan tashar jirgin ruwa da filin jirgin sama da kan iyaka. Dajin da dabbar ke kwana a ciki ba shi ne a gabanta ba.

Tarar da ta yanka wa wanda aka kama karon farko da dabbar da aka haramta gaba ɗaya ita ce naira dubu ɗaya. A 1985 wannan kuɗi ne na gaske, don a farashin gwamnati naira ta fi dala daraja a lokacin. Sai dai haka tarar ta zauna shekara talatin da ɗaya, naira na zubewa ita tana nan daram, har sai a 2016 aka yi mata gyara aka ɗaga ta. Dokokin jihohi da yawa ko wannan gyaran ba su samu ba.

Bari in ba ka abin da na gani da idona. Wata shekara mun bi sawun wasu mafarauta kwana huɗu a cikin wani gandun daji. Ruwanmu ya ƙare a rana ta uku, muka koma tace ruwan kududdufi da hular ɗayanmu. Muka cim musu da asuba suna banda nama, gwanki biyu da kanki ɗaya a kan ragar itace, hayaƙi na tashi, kawunan an jingine su a gindin wata kanya. Mutum ɗaya muka iya kamawa, sauran suka arce. Aka kai shi kotu, ya amsa laifinsa ba gardama, alƙali ya buɗe littafi ya yanka masa tarar da doka ta ce. Kuɗin bai kai na cinya ɗaya ta gwankin ba. Wani ɗan'uwansa ya zaro daga aljihu ya biya nan take, kafin azahar yana gida. Ban ga laifin alƙalin ba, abin da ke rubuce ya karanta. Amma a hanyarmu ta komawa babu wanda ya ce uffan a cikin mota, kuma wani yaro cikinmu mai ƙwazo ƙwarai bai ƙara wata uku a aikin ba. Idan ka ji ana cewa doka ta tsufa, ga abin da ake nufi.

Abin da ya taso da maganar yanzu

Ba gwankin Arewa ne ya tayar da majalisa ba, gaskiya ɗaya ce. Ɗan kunya ne da hauren giwa. Ɗan kunya, wannan dabba mai ɓawo a jiki da ke dunƙulewa in ta ji motsi, ana sayen ɓawonta a ƙasar Sin da Biyetnam don haɗa maganin gargajiya. Da na Asiya suka yi ƙaranci, sai 'yan kasuwar suka juyo Afirka. A taron CITES na 2016 a Johannesburg aka haramta cinikin dukkan nau'o'insa takwas tsakanin ƙasashe, amma haramcin bai tsayar da fataucin ba, sai ma ya koma ta ƙarƙashin ƙasa, kuma Legas ta zama babbar mafitarsa. A watan Afrilu na 2019, cikin mako guda, hukumomin Singafo suka kama kwantena biyu da suka taso daga Najeriya, kowace ɗauke da ɓawon ɗan kunya sama da tan goma sha biyu. A Janairun 2021 jami'an kwastan suka kama ɓawon da hauren giwa a tashar Apapa, nauyinsu a haɗe ya haura tan takwas. Ka tuna ɓawon dabba ɗaya ɗan kaɗan ne, don haka kowane tan ɗaruruwan rayuka ne ko fiye.

Mafi yawan wannan kaya ba daga dazukanmu ya fito ba. Daga Kamaru da Kwango da Afirka ta Tsakiya ake tattaro shi, a shigo da shi ta kan iyaka, a tara a rumbuna, a ɓoye cikin katako ko ƙwallon kashu, a fitar. Me ya sa ta nan? Domin ɗan fatauci lissafi yake yi kamar kowane ɗan kasuwa. Inda hukunci ya fi sauƙi, bincike ya fi rauni, kuma ana iya sasantawa kafin a kai gaban alƙali, nan yake bi. Giwayen da suka rage a Najeriya gaba ɗaya 'yan ɗaruruwa ne, amma a Janairun 2024 an niƙe hauren giwa kimanin tan biyu da rabi a Abuja, wanda aka ƙwace a hannun masu fatauci. Watanni kaɗan kafin nan, a Oktoban 2023, an ƙone ɓawon ɗan kunya kusan tan huɗu.

Wannan suna da muka yi ya jawo mana tsada. An taɓa dakatar da Najeriya daga cinikin duk wani abu da ke ƙarƙashin CITES daga 2005 har zuwa 2011. A 2018 kuma aka dakatar da fitar da itacen madobiya daga ƙasar nan, wanda a Taraba ake ce masa madrid, bayan an yi masa yankan ƙare dangi ana lodawa zuwa Sin. Wanda ya bi hanyoyin Taraba a shekarun nan ya ga tireloli jere da gungume.

An fara gabatar da ƙudurin sabuwar doka a ƙarshen majalisar tarayya zubi na tara, wa'adinta ya ƙare ba a kammala ba, ƙudurin ya mutu tare da ita. A 2024 ɗan majalisar wakilai Terseer Ugbor daga jihar Binuwai, mataimakin shugaban kwamitin muhalli, ya sake gabatar da shi. Aka yi zaman jin ra'ayin jama'a a wannan shekarar, majalisar wakilai ta amince da shi a watan Mayun 2025, majalisar dattawa ta bi sahu a Oktoba, aka miƙa wa shugaban ƙasa. A tsarin mulkinmu ƙuduri ba ya zama doka sai shugaban ƙasa ya sa hannu, ko kuma majalisun biyu su sake amincewa da shi da kashi biyu bisa uku in ya ƙi. Kuma rubutun da aka buga a jaridar gwamnati shi alƙali ke riƙewa, ba abin da aka faɗa a rediyo ba.

Ɗaurin da ka ji gaskiya ne: har shekara goma, da tarar da za ta iya kai naira miliyan goma sha biyu, ga manyan laifuffuka. Amma ni ba wannan ne ya fi burge ni ba. Abin da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne ikon da aka bai wa masu bincike su bi sawun kuɗi, su duba asusun banki, da ikon kotu ta ƙwace dukiyar da aka tara ta wannan hanya, da damar hukunta kamfani ba mutum kaɗai ba, da haɗa kai da wasu ƙasashe wajen kamo wanda ya gudu. A duk shekarun da na yi, waɗanda muke kamawa su ne masu ɗauke da kaya: direba, ɗan dako, maharbin da aka bai wa harsashi da kuɗin cefane. Mai kayan yana birni, ko ƙurar daji ba ta taɓa shi ba. Hanyar da za a kai gare shi ɗaya ce, ta kuɗinsa. An kuma sa gurɓata mazaunin namun daji da cin naman dabbar da ke fuskantar ƙarewa cikin laifuffuka, kuma wannan na biyun ya shafi mai saye a kasuwa da mai ci a gidan abinci, ba maharbi kaɗai ba.

Ina da tsoro ɗaya, kuma ba zan ɓoye maka ba. Hukunci mai tsanani a hannun ma'aikaci marar tsoron Allah sanda ce ta karɓar na goro. In tara ta yi nauyi, abin da za a nema a bakin hanya don a rufe magana shi ma zai yi nauyi, kuma talaka ne zai fi jin jiki. Na kuma lura cewa ba girman hukunci ke hana mutum shiga daji ba, sanin cewa in ya shiga za a gan shi ne. Kenya ta yi dokarta a 2013 mai ɗauke da ɗaurin rai da rai ga laifin da ya shafi dabbobi irin su giwa da karkanda, amma ba ta tsaya nan ba, ta horar da masu gabatar da ƙara da alƙalai, ta ƙara ma'aikatan sintiri. Da takardar kaɗai aka dogara da ba a ga canji ba.

Maganar Baba

Ka kwantar da hankalinka, ka kuma kwantar masa da nasa, amma da sharaɗi. Irin wannan doka da jerin sunaye take aiki. Akwai dabbobin da aka lissafa, su ne abin kariya: giwa, zaki, damisa, ɗan kunya, ayu, birai manya irin na dazukan Gashaka da Kuros Riba, da sauransu. Zomo da gafiya da zabon daji ba su cikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, kuma ba don su aka yi wannan aiki ba. Gada kuwa iri-iri ce, akwai wadda ke ko'ina, akwai waɗanda suka yi ƙaranci har aka sa su a jeri, don haka kada a ce gada gada ce kawai. Ya kamata Baba ya je ofishin gandun daji na yankinku, ko ya aike ka, a nuna muku jerin, a kuma gaya muku abin da dokar jiha ta ce kan lasin da lokacin da aka hana farauta.

Sharaɗin kuwa shi ne wuri. A cikin Yankari, ko ɓera ka harba ka yi laifi, kuma wannan ba sabon abu ba ne, tun da aka keɓe dajin a 1956 haka yake. Shiga da makami, ɗana tarko, sa wuta, sare itace, shigar da shanu, duk haramun ne a dokar wurin, ko da sabuwar doka ko babu ita.

Akwai abu biyu da nake so ka isar wa Baba da abokan sana'arsa, don a nan ne mutanenmu za su iya faɗawa ba da saninsu ba. Na farko ungulu. Ina yaro, in ka je mahauta da safe sai ka kore su da ƙafa kafin ka wuce, suna jere a kan katanga da rufin kwano. Yau yaro zai gama firamare a garuruwa da yawa bai taɓa ganin ta ba. Tun 2015 aka sa ungulun da muka sani a sahun tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma babban dalili a yankinmu shi ne sayen kanta da ƙafarta da ƙwanta don haɗa magani da tsubbu. Ana sa guba a mushe a kwashe su da yawa a tashi ɗaya. Duk wanda ɗan magori ya aika ya samo masa kan ungulu, ya sani abin da ake nema a hannunsa ya shiga sahun manyan laifuffuka. Na biyu gauraka, tsuntsun da ake kira na ƙasa, wanda yanzu ka fi ganinsa a tsakar gidan masu hali fiye da fadama. Kama shi da rai a sayar, shi ma fatauci ne.

Ni ban taɓa ɗaukar maharbin gargajiya abokin gaba ba. Mafi iya bin sawu da na yi aiki da su tsofaffin maharba ne da aka ɗauka aiki. Wani dattijo cikinsu yakan duƙa ya taɓa kashin ɓauna da bayan hannu ya ce mana ta wuce kafin fitowar rana, kuma haka za mu tarar. Su ne suka gaya mini cewa a da Sarkin Dawa ba ya barin a fita farauta da damina lokacin da dabbobi ke da ciki, ba a harbin mai shayarwa, kuma akwai kurmin da ba a shiga. Wannan ma doka ce, kuma ta fi ta takarda kama jiki don kowa ya san wanda zai tsare shi da ido in ya karya. Abin da ya rusa ta shi ne bindigar zamani, da fitilar goshi, da babur, da kasuwar birni da ba ta ƙoshi. Duk jihar da ta zauna sabunta dokarta ba ta kira sarakunan dawa da na baka ba, ta bar waɗanda suka fi kowa sanin dajin a waje.

Inda hannun Abuja ba ya kaiwa

A nan ne nake so ka fi ba ni hankalinka, domin abin da ya fi ƙarar da namun dajin Arewa ba harsashi ba ne, rashin wurin zama ne. Sashe na 20 na tsarin mulkin 1999 ya ce hukuma za ta kare ruwa da iska da ƙasa da daji da namun dajin Najeriya, amma yana cikin babin da ba a iya kai gwamnati ƙara a kansa kai tsaye. Ƙasa kuma, bisa dokar mallakar filaye ta 1978, a hannun gwamna take. Tarayya tana da iko kan cinikin ƙetare da kan gandayen da aka mai da na ƙasa, irin su Gashaka Gumti da Tafkin Kainji da Kamuku da na yankin Tafkin Chadi. Sauran dazuka, da su da abin da ke cikinsu, na jihohi ne. Yankari kanta ta zama gandun ƙasa a 1991, aka mai da ita hannun jihar Bauchi a 2006. Ke nan dajin da ke maƙwabtaka da gonarku, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, majalisar dokokin jiha da kasafin kuɗin jiha ne suka fi iko da makomarsa.

A 2020 gwamnatin tarayya ta amince da ƙarin gandayen ƙasa goma, ciki har da Falgore a Kano, da Kogo a Katsina, da dausayin Haɗeja a Jigawa, da Allawa a Neja, da Pandam a Filato. Mataki ne mai kyau. Amma canza wa daji suna ba ya sa masa ma'aikaci ko mota ko albashi. Mun ga abin da ke faruwa da dajin da hukuma ta janye ƙafa daga cikinsa. Sambisa gandun namun daji ne a asali. Kamuku a Birnin Gwari ma'aikata sun daɗe ba sa iya shiga sassansa da yawa saboda 'yan bindiga. Shi ya sa in aka ce mini ana fama da rashin tsaro wa ke ta namun daji, nakan ce ai magana ɗaya ce. Dajin da babu mai sintiri a cikinsa ba ya zama fanko, wani ne zai shige shi.

Wani lokaci ma ba gatari ba ne ke kashe mazauni. Dubi dausayin Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye ke zuwa daga Turai su yi hunturu. Da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin ambaliyar shekara-shekara ya canza, wasu wurare suka bushe, wasu ruwa ya zauna musu dindindin har ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa. Tsuntsu ya rasa, masunci ya rasa, mai noman shinkafa da makiyayi su ma suka rasa. Babu wani ɗaurin shekara goma da zai gyara wannan. Sai an zauna kan yadda ake sakin ruwa daga madatsun.

Giwa da gonarku

Na taɓa zuwa wata gona da sassafe bayan garken giwaye ya kwana a ciki. Dawa ce ta kusa girbi. Karan duk a kwance kamar an bi da abin nika, sawun ƙafa kowane kamar faifai, ga kashi tuli-tuli yana tururi. Mai gonar, dattijo ne da ya kai sa'an Baba, yana tafe yana tsintar zangarniyar da ta tsira yana sawa a kwando. Bai yi mana faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, in saniyata ce ta shiga dajinku da yanzu tana hannunku. To taku ta shigo nawa, wa zan kama?" Na rubuta rahoto, na auna gonar, na kai inda ya kamata. Har na bar wannan yankin ban ji an ba shi ko mudu ɗaya ba.

Saboda haka ba zan ce maka ƙorafinka ba shi da tushe ba. Ƙudurin tarayya ya karkata ne ga masu fatauci, kuma a iya aikina ban taɓa ganin wani tsayayyen tsarin biyan diyya da manomi zai dogara da shi ba, sai dai taimakon jin ƙai in an ga dama. Ga ni, wannan shi ne babban giɓin da ya rage, kuma a matakin jiha za a cike shi. Dokar Kenya da na ambata ta tanadi diyya ga wanda dabba ta kashe ko ta raunata ko ta ɓata masa amfanin gona, da kwamiti a kowace gunduma mai tantance ƙorafi. Biyan yana jinkiri ƙwarai, mutane na kuka da hakan, amma aƙalla haƙƙi ne a rubuce da mutum zai tsaya ya nema. Diyya tana da wahalar gudanarwa, na sani: wa zai auna ɓarnar, yaya za a hana ƙarya, daga ina kuɗin zai fito. Duk da haka ban yarda a ce wa manomi giwa dukiyar ƙasa ce, sannan a bar shi shi kaɗai ya ciyar da ita ba.

Akwai misali kusa da mu da ke nuna abin yana yiwuwa. A Kure, gabas da Yamai a Jamhuriyar Nijar, raƙuman dawa na Afirka ta Yamma sun ragu har suka koma 49 a 1996. Ba a cikin gandu suke ba, a tsakiyar gonakin mutane suke yawo, suna cin wake da mangwaro. Aka hana kashe su da gaske, amma aka haɗa da abin da mutanen ƙauyukan za su gani a hannu: rijiyoyi, ƙananan rance, aikin yi wa baƙi jagora. Suka haura ɗari shida, har a 2018 aka ɗebi wasu aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi.  A Yankari ma an ga alamar haka: bayan an ƙarfafa sintiri tare da ƙungiyar kare namun daji ta WCS, an sa wa wasu giwaye na'urar bin sawu a wuya, an ɗauki mutanen ƙauyuka aikin sa ido da ba da labari, an yi shekaru bayan 2015 ba a samu rahoton kashe giwa don haure ba.

Ka ce an fi damuwa da dabba a kan mutum. Ni abin da na gani shi ne an yi sakaci da su duka biyun, kuma wuri ɗaya aka yi sakacin. Allah ya ce a cikin Suratul An'am, aya ta 38, babu wata dabba a bayan ƙasa ko tsuntsu mai tashi da fikafikansa face al'ummomi ne kamarmu. Garken Yankari na cikin na ƙarshe da suka rage a ƙasar nan, in ya tafi ba mai dawo da shi. Haƙƙin dattijon nan mai kwando shi ma ba ya faɗuwa don wannan.

Abin da zan ba ka shawara a aikace: duk ranar da giwa ta shiga, kada ku tunkare ta, musamman mai ɗa, kuma kada wani ya harbe ta ko ya sa mata guba, don nan ne ɗaurin da ka ji zai iya hawa kan mutum. Ku ɗauki hoto da waya tun kafin a taɓa komai, ku kira mai unguwa ya gani da idonsa, ku kai rahoto a rubuce ga hukumar gandun da ƙaramar hukuma, ku riƙe kwafi mai kwanan wata. Masu gonakin bakin daji ku haɗu ku yi gadi tare lokacin da dawa ta fara nuna, da fitila mai ƙarfi da gwangwani da hayaƙin barkono da aka cuɗa da kashin shanu aka busar. Wasu wurare an gwada jera amya a bakin gona, don giwa na gudun ƙudan zuma, ga kuma zuma ta sayarwa, sai dai yana son kulawa kuma ba ko'ina yake kamawa ba. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke hana ta ɗari bisa ɗari, giwa tana da wayo, tana gane dabara in an daɗe ana yi mata iri ɗaya, don haka a riƙa sauyawa.

Waɗannan takardu da kuke tarawa, in sun kai na damina biyu ko uku daga ƙauyuka da yawa, su ne za ku ɗauka ku kai wa ɗan majalisarku na jiha, tare da hakimi da Sarkin Dawa, ku nemi a sabunta dokar namun daji ta jiha a sa diyya a ciki, da kason kuɗin shigar gandun da zai riƙa komawa ga ƙauyukan da ke kewaye da shi. Ka gaida Baba, ka ce ina neman ya gaya maka dabbobin da yake gani yana saurayi waɗanda yanzu ba ya gani, ka rubuta su da sunayensu da wuraren da yake samunsu, ka haɗa da takardun.